Yadda Ake Raba Filin Kiri-kiri da Gansakuka da Haki a Cikin Gida

Duk shekara, da watan Agusta ya raba tsakiya, wayata ba ta hutawa. Mai gida ya kashe kuɗi ya dasa kiri-kiri a tsakar gida, ga shi wani sashe ya koma kore mai santsi kamar bakin rijiya, wani sashen aya-aya ta tsaya masa ƙyam, yara kuma sun daina birgima a kai saboda ƙarangiya. Tambayar kowa ɗaya ce: wane magani zan saya? Na daɗe ina wannan aiki a gidajen Birnin Kebbi, na taɓa na Argungu da na Gusau, kuma amsata ba ta cika yi wa mutane daɗi ba. Maganin shago shi ne na ƙarshe, sau da yawa ma ba a kaiwa gare shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Inda kiri-kiri ya yi kauri ya rufe ƙasa, gansakuka ba ta samun wurin zama, irin haki kuma ba ya ganin rana balle ya tsira. Aikinka shi ne ka gano abin da ya raunana ciyawarka har ƙasa ta buɗe.

A nan wajenmu kowace ciyawa haki ce, amma don kada mu rikice, wadda ka dasa da hannunka zan kira ta kiri-kiri, wadda ta zo ba gayya kuma haki. Idan ciyawar kafet mai faɗin ganye ce a gidanka, aikin kusan ɗaya ne, inda suka bambanta zan faɗa.

Gansakuka iri biyu ce. Akwai mai santsi, wadda in rana ta buge ta take bushewa ta yi baƙi, ta tsattsage ta nannaɗe kamar ƙanzon tukunya. Ita muka fi gani a Birnin Kebbi da Gusau. Akwai kuma mai laushi kamar karan-miski, da ke kama gindin katanga da ƙarƙashin itace, an fi samun ta wajen Zuru da Yawuri inda damina ta fi tsawo. Dukkansu ba su da saiwa ta gaskiya, a fatar ƙasa suke manne. Ba su ne suka kashe maka ciyawa ba, sun tarar da gurbi ne suka zauna. Illarsu ita ce ɓawon da suke yi yana hana ruwa da iska shiga ƙasa, kuma jijiyar kiri-kiri ba ta iya kama shi.

Kayan aiki

- Manjagara mai haƙoran ƙarfe, da shebur, da ƙaramar fartanya
- Dagi, ko guntun rodi mai kauri da aka fiƙe wa baki
- Tsohuwar wuƙar kicin ko dogon sukuddireba, don tonon haki ɗaya-ɗaya
- Baro ko buhuna na kwashe shara, da rariyar tankaɗe ƙasa
- Injin aske ciyawa. In babu, langalanga mai kaifi ko babban almakashi
- Yashin gulbi mai gautsi, da takin gida da ya ruɓe sosai
- Takin kamfa 15-15-15 da yuriya
- Tsohon bargo ko guntun soson katifa
- Idan har za a kai ga feshi: famfon feshi, sirinji mara allura, safar hannu ta roba, takunkumi, takalmin ruwa

Kafin ka sayi komai, auna filin. Tsawo sau faɗi, a mita. Duk lissafin da zan yi a ƙasa na fili mai mita 10 kowane gefe ne, wato murabba'in mita 100. Idan naka murabba'in mita 50 ne, raba awon komai biyu.

1. Bi sawun ruwa da rana

Jira a yi ruwan sama mai ƙarfi, bayan awa biyu da ɗaukewa ka fita ka zagaya. Duk inda ruwa ya kwanta, kafa ɗan tsinke. Washegari kuma ka lura da rana tun daga hantsi har la'asar: wane sashe take samu, awa nawa? Kiri-kiri yana son rana ta buge shi aƙalla awa 6 a yini. Kafet ta fi shi haƙuri da inuwa, amma ita ma ba ta rayuwa ƙarƙashin mangwaro mai duhu.

Wannan darasin a wurin wani dattijo na koye shi, lokacin ina yaron aikinsa. Sau uku ina kankare gansakuka a kusurwar wani gida, sau uku tana dawowa cikin mako biyu. Ya zo ya tsaya, ya dubi wurin, bai ko sunkuya ba ya ce, “Ɗana, aje manjagarag ga. Bi ruwa ka ga inda yaf fito.” Na ce, “Baba, ai ruwan sama ne.” Ya nuna mini sama da sandarsa. Bututun na'urar sanyaya ɗaki ne ke ɗiga dare da rana, ta bayan wata fulawa, daidai kusurwar. Muka sa masa bokiti, shi ke nan.

Don haka duba indararo da bakin kwanon rufi, duba tankin sama ko yana ambaliya in an kunna burtsatse, duba famfon tsakar gida, wurin alwala, da inda ake zubar da ruwan wanki. Sannan ka gwada ƙasar: haƙa rami mai zurfin santimita 30, cika shi da ruwa, bari ya tsotse, ka sake cikawa. Idan ka dawo da safe ka tarar da ruwa a ciki, ƙasarka ba ta sha. Gidajen da ke kan jigawa ba su cika samun wannan ba. An fi ganin sa a unguwannin da ke gangaren fadama inda laka ta yi yawa, da sababbin gidaje inda magina suka cike fili da jar ƙasa da ɓaraguzan siminti, tifa ta bi ta kai ta danne, aka yayyafa baƙar ƙasa ɗan yatsa biyu a sama aka dasa ciyawa.

2. Gyara hanyar ruwa, rage inuwa

Abin da ke ɗiga a ɗaure shi. Ruwan indararo a sa masa bututu ko a tara shi a duro. Ruwan wanki a canza masa hanya gaba ɗaya, don sabulu da bilic suna ƙona ciyawa.

Ƙaramin kwari da ruwa ke kwanciya, yanka ciyawar wurin da shebur kamar fai-fai, ɗaga ta, cike ƙarƙashin da ƙasa mai yashi, ka mayar ka taka. Idan babban sashe ne ke riƙe ruwa, haƙa siririyar kwata mai zurfin santimita 30 zuwa 40 daga wurin zuwa rariyar gida, tana gangarawa kamar santimita 1 a kowace mita, ka cika ta da tsakuwa, ka rufe sama da yashi da ƙasa. Mai hali yana kwantar da bututun roba da aka huhhuda a ƙasan tsakuwar. Kuskuren da aka fi yi shi ne a haƙa kwatar ba gangare, sai ta zama tafki a ɓoye. Zuba bokitin ruwa a kanta ka ga ya gudu kafin ka rufe.

Itace kuma a sassabe rassan ƙasa da na tsakiya don rana ta ratsa. Dogonyaro yana jure sara, mangwaro a bari sai an gama cin 'ya'yansa. Amma in gaya maka gaskiya, akwai wurin da ciyawa ba za ta taɓa yi ba, kamar lungun da ke tsakanin ɗaki da katanga, ko gindin babban itace. Kada ka yi ta asarar kuɗi a kai. Zuba tsakuwa ko ka shimfiɗa bulo, ka ajiye kujera.

3. Kankare gansakuka

Zaɓi ranar da aka kwana biyu ba ruwa. Mai santsi in tana jiƙe, shafa ta kawai za ka yi ta yi kamar man shanu. Bari ta bushe ta yi ɓawo, ka karce da manjagara, ka bi da bakin shebur a kwance ka ɗebe fatar sama, kaurin da bai wuce santimita 1 ba. Mai laushin kuma manjagara kaɗai na ɗaga ta. Ka ja ta tsaye, ka ja ta kwance. Filin zai yi muni, kamar kan da aka yi wa aski da reza mara kaifi. Kada hankalinka ya tashi, jijiyar kiri-kiri na nan a ƙasa.

Abin da ka kankare ka kwashe shi daga filin ranar. Kada ka tara a gefe, ruwa ɗaya zai mayar maka da shi.

Akwai wani garin sinadarin ƙarfe da ake kira feros salfet, wanda ke baƙanta gansakuka mai laushi cikin 'yan kwanaki, ta yi sauƙin cirewa. Kimanin giram 4 a lita ɗaya ta ruwa kan murabba'in mita ɗaya, da yamma, ƙasa da danshi. Ba ko'ina ake samun sa ba, kuma duk inda ya ɗiga a tayil ko siminti sai ya bar tabon tsatsa da ba ya fita. In babu, ba ka rasa komai ba, manjagara da rana sun isa.

Abin da kada ka kuskura: gishiri, bilic, baƙin mai, kananzir. Duka suna kashe gansakuka, gaskiya ne, amma da ƙasar suke tafiya. Na ga inda aka zuba gishiri, damina biyu wurin yana nan fari fat. Toka kuma mutane na yabon ta fiye da ƙima. 'Yar kaɗan, a barbaɗe kamar hoda, tana rage tsamin ƙasa, amma ba ta kashe gansakuka, kuma kada ka haɗa ta da yuriya rana ɗaya, don amfanin takin zai bi iska.

4. Huda ƙasa ka ba ta yashi da taki

Wannan shi ne aikin da ke gajiyarwa, kuma shi ne mutane ke tsallakewa. Ƙasa da ɗan danshi, ba caɓi ba, ɗauki dagi ka bi wurin kana hudawa, zurfin santimita 10, tazarar taƙi ɗaya tsakanin rami da rami. Kana cusawa kana ɗan girgiza shi don ramin ya buɗe. Ka fi matsa wa inda ake yawan takawa: hanyar zuwa famfo, inda ake shanya, inda ake ajiye mota ko babur.

Haɗa yashi kashi biyu da tankaɗaɗɗen takin gida kashi ɗaya, ka watsa, ka bi da bayan manjagara ko tsintsiyar kwakwa har ya shiga ramukan. Kaurinsa a sama kada ya wuce santimita 1, ganyen ciyawa ya riƙa leƙowa. Fili mai murabba'in mita 100 zai ci kamar baro 12 zuwa 15. Yashi zalla a kan laka ba ya gyara ta, sai da taki.

A nan ne kuma yawancin gidaje ke sayen haki da kuɗinsu. Ɗanyen takin shanu ko na tumaki cike yake da irin duk abin da dabbar ta ci, kuma irin yana fita da ransa. Taki sai wanda aka tara aka jiƙa, aka juya, ya yi zafi ya huce, ya koma baƙi ba wari. Idan kana shakka, cika tsohon kwano da shi, ka riƙa ba shi ruwa kwana goma. Abin da ya tsira a kwanon shi zai tsira a filinka. Haka za ka gwada baƙar ƙasar da masu tifa ke kawowa daga fadama, don sau da yawa da ƙwayayen aya-aya take zuwa.

5. Cire haki da hannu, kowanne da dabararsa

Washegarin ruwa ake cira, saiwa na fitowa salin-alin. Doka ɗaya ta hau kan kowane haki: kada ka bari ya yi fure ya zubar da iri. Wanda ya riga ya yi kai, a buhu za ka sa shi, ba a kan filin za ka yar ba.

Aya-aya, wasu su ce jiji, ita ce uwar wahala. Ganyenta ya fi na kiri-kiri sheƙi, kuma kwana biyu bayan aski sai ka ga ta ɗara kowa tsawo. Murza karanta tsakanin yatsu, za ka ji kusurwa uku. A ƙarƙashin ƙasa tana da ƙwayaye baƙaƙe a jere, zare ya haɗa su kamar carbi. In ka fizge ganye ka kashe maciji ba ka sare kai ba, ƙwayar da ke barci kusa ita za ta farka, inda ka cire ɗaya ka ga uku. Idan 'yan tsiraru ne, soka wuƙa ka tona har santimita 20, ka bi zaren ka fito da ƙwayayen duka. Idan ta yi yawa, gajiyar da ita za ka yi: cire kowace da ta fito kafin ta kai ganye 5 ko 6, mako-mako ba fashi, don kafin nan ba ta fara ajiye sabuwar ƙwaya ba, tsohuwar take ci. Damina guda ba ta gama ta. Inda ta yi dandazo, bari sai bazara, ka kafce wurin da fartanya, ka bar ƙasar a buɗe ba ruwa, kana juyawa duk mako. Ƙwayar aya-aya ba ta jure bushewa a rana, kuma zafin Afrilu a Kebbi da Zamfara kyauta ne.

Tofa ma a ƙasa ƙarfinta yake, fararen jijiyoyi masu tsini da ke huda tafin ƙafa. A tone su duka, ko guntu aka bari zai tashi.

Tuji yana kwantawa a baje kamar tauraro, tsakiyarsa fari-fari, kuma ko da hannu biyu ka ja sai ganyen ya tsinke ya bar ka. Soka wuƙa ƙasa da gindinsa ka yanke. Duk inda ka ga tuji ya yi yawa, ƙasar wurin ta danne, koma mataki na 4. Guɗe-guɗe da harƙiya da ƙyasuwa ba su da wuya, shekara ɗaya suke yi, cira kafin su yi kai kawai. Mai tumaki ko doki zai karɓi harƙiya da godiya.

Ƙarangiya da tsaida da ƙashin yawo, matsalarsu ƙaya. Tun suna ƙanana ake cire su, a watan Yuni da Yuli. In ka makara har sun zuba, ga amfanin tsohon bargo: ɗaura masa igiya, ɗora ɗan bulo a kai, ka ja shi a filin, ƙarangiya za ta manne. Tsaida kuma soson katifa ko tsohon silifa ke ɗauke ta, ka danna ka ɗaga. Bayan nan a ƙona, don irin tsaida yana shekaru a ƙasa da ransa.

Balasa da fasa-ƙabba suna da ruwa a jiki, ka cire ka yar su sake kamawa daga gaɓa. Nonon kurciya da gogamasu da gadagi kuwa saiwa ɗaya ce, ka tattaro rassan a hannu ka ja daga gindi.

Wani abu kuma, ka tambayi matan gida kafin ka share gefen katanga. Na taɓa cika buhu ina jin na yi aiki, Hajiyar gidan ta leƙo ta ce, “Malam, ina lalon da na bari nan? Da tafasata?” Ranar miyar dare na cire. Tun daga nan nake ware musu ɗan lungu in kewaye da bulo.

6. Feshi, idan hannu ya kasa

Kalmar “maganin ciyawa” ta ɓata filaye da yawa. Manomi in ya faɗe ta, abin da zai kashe ciyawa yake nufi, kuma kiri-kirinka ciyawa ne. A farkon aikina na shiga wani shago na ce a ba ni maganin ciyawa, aka miƙo, ban karanta ba na fesa wa filin mutane gaba ɗaya. Kwana uku ba abin da ya faru, har ina cewa jabu ne. Kwana goma filin ya koma launin buhu. Da kuɗina na sake dasa shi. Saboda haka ka tambayi sunan sinadarin da ke ciki, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Gilaifoset, wanda ke cikin irin su Roundup da Force Up, ba ya zaɓe. Duk koren da ya taɓa yana bi har saiwa, cikin mako ɗaya zuwa biyu. A cikin fili ba a fesa shi, shafa shi ake yi. Haɗa kaɗan yadda takardar ta ce, sa safar roba, tsoma soso ka matse, ka shafa wa ganyen tofa ko aya-aya da suka ɗara kiri-kiri tsawo. Ko ka yanke gindin gorar ruwa, ka kifa a kan hakin, ka fesa ta bakinta. Da ruwa mai tsabta ake haɗa shi, ruwan kududdufi mai laka yana kashe masa ƙarfi. Aya-aya sai an maimaita, don ƙwayar da ba ta fito da ganye ba maganin bai kai gare ta ba.

Shi kuwa 2,4-D yana kashe masu faɗin ganye irin su tsaida da nonon kurciya da ƙashin yawo, ya bar kiri-kiri. Ba ya taɓa tuji ko ƙarangiya, don su ma dangin ciyawa ne, aya-aya kuma sama-sama yake ƙona ta. Kafet ba ta kai kiri-kiri jure shi ba, gwada a ɗan lungu ka jira mako guda. Haɗarinsa iska: ɗan tururinsa ya isa ya murɗe ganyen tumatir, kuɓewa, gwanda, zogale da fulawa, naka da na maƙwabci. Famfon da ya sha 2,4-D kada a sake fesa wa kayan lambu da shi.

Farakwat, wanda aka fi sani da Gramoxone, kada ya shigo gidan da ke da yara. Ganye kawai yake ƙonawa, aya-aya da tofa su dawo, ga shi kurɓi kaɗan na kisa kuma ba shi da makari. Atirazin na gonar masara ne, yana daɗewa a ƙasa kuma yana iya bin ruwa zuwa rijiya.

Wajen awo ake ɓata aiki. Takardar magani da hekta take magana, filinka mai murabba'in mita 100 kuwa kashi ɗaya ne cikin 100 na hekta. Idan an rubuta lita 2 a hekta, naka mililita 20 ne, a sirinji. Ba murfi biyu ba, ba “ƙara kaɗan don ya ji” ba. Fara cika famfon da ruwa zalla ka fesa filin da tafiyarka ta yau da kullum, ka ga lita nawa ya ci, a cikin wannan adadin ruwan za ka zuba maganin.

Yi da sassafe, iska a kwance, raɓa ta ɗauke, kuma ba alamar hadari, don ana son awa 6 ba ruwa. Kada ka yi aski kwana biyu kafin feshi da kwana biyu bayansa, ganye ne ke shan maganin. Sabon dashe kuma a bari sai an aske shi sau uku. A killace kaji da awaki da yara sai wurin ya bushe, kuma ciyawar da aka aske bayan feshi kada a ba dabba. Ragowar magani ya zauna a kwalbarsa, a kulle. Kada a juye shi a gorar lemo ko da na awa ɗaya ne.

Idan haki ya cinye fiye da rabin filin, gyara ɓata lokaci ne, sake sabo. A watan Maris ko Afrilu ka kafce, ka tsince jijiyoyi, ka jiƙa ƙasar sosai, ka rufe da farar leda mai nuna ciki, ka binne gefunanta kada iska ta shiga. Mako 4 zuwa 6 zafi zai dafa yawancin irin da ke sama-sama. Aya-aya takan huda ledar, wadda ta leƙo ka tone ta. In ba leda, ba wurin ruwa mako biyu, abin da ya tsira ka kankare da fartanya sama-sama, ka maimaita sau biyu kafin dashe.

7. Cike gurbi nan take

Duk inda ka kankare ko ka tone, kada ya kwana bakwai a buɗe. Iri mafi kyau shi ne na gidanka: je bakin filin inda kiri-kiri ke hawa kan siminti, yanko jijiyoyi masu gaɓa 3 ko 4. Tsaga ƙasa da wuƙa, kwantar da jijiyar, rufe rabinta, bar ganyen a waje, ka taka. Tazarar santimita 15. In ka ɗebo daga bakin gulbi ko wurin masu fulawa, wanke ƙasar jikinsa tas a bokiti, ka duba ko akwai ƙwayar aya-aya a maƙale.

Ba shi ruwa kaɗan-kaɗan safe da yamma na mako biyu, ka kewaye da igiya kada a taka. Ƙarshen Yuni zuwa Yuli ya fi dacewa, cikin wata biyu ya haɗe. Dashen hunturu yana jan ƙafa, sanyi na sa kiri-kiri barci.

8. Aski, ban ruwa, taki

Kiri-kiri a bar shi santimita 3 zuwa 5, kafet wajen 5. Kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonsa a aski guda. Da damina ke nan duk mako. Masu langalanga sukan bari ya kai ƙwauri, sannan su share har ƙasa ta bayyana don a daɗe ba a sake ba. Wannan askin ƙwal-kwabo shi ne ƙofar da haki ya fi shigowa ta ciki. Wasa bakin langalanga ko na inji, mara kaifi yagar ganye yake yi. In an ari inji daga wani gida a wanke ƙarƙashinsa, da iri yake yawo. Tarin busasshiyar ciyawa kuma a kwashe, yana kiran gara, kunama ma na son ƙarƙashinsa.

Ban ruwa: yayyafin kullum da yamma shi ke renon gansakuka, fatar ƙasa ba ta bushewa, saiwa kuma ba ta nitsawa. A ba shi ya ƙoshi, da asuba, a bar sama ta bushe kafin a sake. Ajiye gwangwanin kifi a filin ka ga abin da ya taru. Kimanin santimita 2 da rabi a mako ya wadatar a yawancin lokaci, a bazara kan jigawa sai an ƙara, a raba shi sau biyu ko uku. Yi lissafin da kyau: santimita 2 da rabi a murabba'in mita 100 lita 2,500 ne, jarka 100 mai lita 25, duk mako. Wanda ke sayen ruwa wurin 'yan garuwa ya rage filin zuwa abin da zai iya shayarwa. A Agusta kuma a rufe tiyo gaba ɗaya, na sha ganin mai gadi yana ban ruwa da safe bayan an kwana ana ruwa, wai an ce masa kullum.

Taki: kilo 3 na kamfa a farkon damina in ciyawa ta farfaɗo, sai kilo 1 na yuriya bayan mako 6. Auna sau ɗaya a sikelin mai shago, ka yi wa gwangwani alama. Raba shi biyu, ka watsa rabi kana tafiya gabas da yamma, rabi kudu da arewa, ganye a bushe, sannan ka bi da ruwa nan da nan. Inda yuriya ta zube a dunƙule, kwashe ka malala ruwa, in ba haka ba gobe za ka ga tabon ƙuna. Kada ka sa taki a kan gansakukar da ba ka kankare ba, ita za ta ci.

Daga Disamba zuwa Janairu kiri-kiri zai dushe, ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, ƙurar hunturu ta hau kansa. Bai mutu ba. Tona gindi ɗaya ka karya jijiyar, in cikinta fari ne da danshi, yana nan. Kada ka ɗura masa yuriya a lokacin, rage aski, ruwa sau ɗaya a mako ya isa. Tsinken da ka kafa a mataki na 1 kuwa bar su a wurinsu, ko ka zana wuraren a takarda, don ruwan farko na watan Yuni a nan za ka fara dubawa.